Yaron da ya ajiye bindiga, wa zai tsaya masa?

 Jama'a masu sauraro, na Agoe-Zongo da Togblekope, da na cikin gari, da direbobin manyan motoci da ke jiran lodi a tashar Sahel, barkanmu da war haka. Iyayenmu mata da ke kan tuƙin tuwon dare, sannunku da aiki. Yau shirinmu na faɗakarwa zai taɓo zancen da ba a cika yin sa a majalisa ba. Zancen yaran da aka ɗora wa bindiga aka shiga da su daji, sannan wata rana yaƙi ya sake su, suka nufo cikin mutane.

Na san wani zai ce, to, Malam, ina ruwan Zongo da wannan? Togo ba ta yi yaƙin basasa irin na Saliyo ko Laberiya ba. Haka ne, Allah Ya ƙara kiyaye mu. Amma ruwanmu biyu ne a ciki, ɗaya na jiya, ɗaya na yau. Bari mu fara da na jiya.

Ranar 7 ga watan Yuli na 1999, a nan Lome, Shugaban Saliyo Ahmad Tejan Kabbah da madugun 'yan tawayen RUF, Foday Sankoh, suka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu bayan shekara 8 ana zubar da jini. Marigayi Shugaba Gnassingbe Eyadema ne mai masaukin baƙi, domin a lokacin shi ke riƙe da shugabancin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Obasanjo na Najeriya ya zo, Blaise Compaore na Burkina Faso ya zo, Charles Taylor na Laberiya ma ya zo. Takardar tana da sashe 37. Na 30 daga ciki, 'yan layuka ne kawai, ya ɗora wa gwamnatin Saliyo nauyin ba da kulawa ta musamman ga yaran da aka sa a yaƙi, ta kuma nemo taimakon UNICEF da ofishin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yara a fagen fama, wanda Olara Otunnu ɗan Yuganda ke riƙe da shi a lokacin. Masana na lissafa wannan takarda a matsayin yarjejeniyar sulhu ta farko da ta ware wa irin waɗannan yara sashe nasu na kansu.

A takardar nan dai, Sankoh ya samu afuwa, ya samu muƙami daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka kuma ba shi shugabancin hukumar da ke kula da lu'ulu'u da zinariyar ƙasar. Yaran da mutanensa suka kwashe daga ƙauyuka kuwa, layukan nan kaɗan suka samu. Har yau rabon nan yana yi mini ciwo. Sulhun ma bai yi ƙarko ba, domin a watan Mayu na 2000 'yan RUF suka kama sojojin kiyaye zaman lafiya wajen 500, sai a Janairun 2002 aka ayyana ƙarshen yaƙin. Duk da haka, ta kafar layukan nan ne aka fitar da yara sama da 6,800 daga rundunonin yaƙi. Abin da ya biyo bayan fitar da su shi ne darasinmu na yau.

Kafin nan, mu fahimci waye wannan yaro. Da an ce yaro sojan yaƙi, hoton da ke zuwa ran mutum shi ne ɗan saurayi rataye da bindigar da ta kusa fin shi tsawo. Akwai irinsa. Amma ƙa'idojin da ƙasashen duniya suka amince da su a birnin Paris a 2007 sun faɗaɗa abin: duk wanda bai kai shekara 18 ba, namiji ko mace, da aka yi amfani da shi a cikin rundunar masu makami, ko girki yake yi, ko dako, ko aike, ko leƙen asiri, ko yarinyar da aka danƙa wa kwamanda da sunan aure, duk suna ciki. Wasu sace su aka yi a hanyar gona ko a makaranta. Wasu yunwa ta kai su. Wasu a gabansu aka kashe uba, sai wanda ya ce zai rama musu ya ja su. Wani kuma babur aka yi masa alkawari, ko kuɗin aure.

Masu ɗaukar yaran sun san abu guda sarai: yaron da ke da gidan komawa zai gudu. Don haka sai su toshe masa hanyar gida. A Saliyo an tilasta wa yara kai hari a ƙauyukansu, wasu a kan danginsu na jini, don su san ba su da fuskar da za su koma da ita. An ɗirka musu ƙwaya. An tsaga wa wasu haruffan RUF a ƙirji da reza, ta yadda duk inda suka cire riga za a gane su, har sai da likitoci daga waje suka zo bayan yaƙi suna yi musu aiki don a ɓatar da tabon. Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Mai bindiga ya gina dabararsa ne a kan zaton cewa gari ba zai karɓi yaron ba. Duk garin da ya rufe ƙofa, ya cika wa mai bindiga aikinsa ke nan.

To, me aka yi a Saliyo, me ya yi kyau, me ya ɓaci?

Kuskuren farko shi ne mayar da bindiga shaidar shiga. A rubuce ba a wajabta wa yaro kawo makami ba, amma a aikace, a sansanoni da dama sai an ce ya miƙa bindiga ko ya nuna ya iya kwance ta ya mayar. Kwamandoji suka karɓe makaman da ke hannun 'yan mata suka raba wa nasu. Sakamakon haka, a cikin yaran da aka yi wa rajista, mata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali kowa ya san sun fi haka nesa ba kusa ba a cikin daji. Sauran sun sulale ne a ɓoye, da goyo a baya, ba wanda ya rubuta sunansu, ba wanda ya tambayi lafiyarsu. Da yawa ma da gangan suka ƙi zuwa, don tsoron kada a san inda suka fito.

Kuskure na biyu a Laberiya ya fi fitowa fili. A 2004 an riƙa ba wanda ya ajiye makami dala 300, har da yara. Sai manya suka mayar da abin kasuwa. Kwamanda ya turo yaro, yaro ya karɓo, kwamanda ya yanki rabonsa. Maƙwabta kuma suka ce ashe kisa ake biya. Kuɗin ya ƙare cikin 'yan makonni, kuma an samu waɗanda aka sake ɗauka zuwa yaƙin Kodibuwa. Shi ya sa ƙa'idojin Paris suka ce kada a riƙa danƙa wa yaro tsabar kuɗi a hannu.

Abin da ya yi kyau kuwa ba shi da wani ƙyale-ƙyale. An ajiye yaran na ɗan lokaci a gidajen kulawa, nesa da kwamandojinsu, aka bazama neman danginsu ƙauye-ƙauye, kuma kusan dukkansu an haɗa su da iyaye ko 'yan'uwa. Kafin a kai yaro, sai an je an zauna da dangi da dattawan gari an shirya zukatansu. Akwai wata dabara da nake so malaman makarantunmu su ji. Maimakon a ba yaron da ya dawo jaka da littattafai shi kaɗai, sauran yara suna kallo suna cizon yatsa, sai aka ce duk makarantar da ta karɓe shi za a ba ta kayan karatu ko na wasa da kowa zai amfana. Sai zuwansa ya zama alheri ga ajin gaba ɗaya. Waɗanda shekarunsu suka wuce zama da ƙanana kuma aka yi musu tsarin da ya dunƙule karatun firamare na shekara 6 zuwa shekara 3.

Manyan cikinsu an koya musu kafinta da ɗinki da gini na 'yan watanni, aka ba su kayan aiki. Da yawa sun sayar da kayan, domin wata shida ba ya yin gwani, kuma gari ɗaya ba ya ɗaukar kafinta ɗari. Abin da ya riƙe dubbai daga cikinsu a garuruwan Bo da Kenema da Makeni, ba wata hukuma ce ta tsara shi ba. Babur ne. Abin da muke kira zemijan a nan Lome, su okada suke ce masa. Suka kafa ƙungiyoyinsu, da shugabanni, da dokoki, da tara ga wanda ya saɓa. Mutumin da jiya ake gudu in an hango shi, yau ga tsohuwa ta hau bayansa ya kai ta kasuwa, ta biya shi, ta yi masa sannu. Ku 'yan zemijan da ke saurarenmu a bakin titi, kada ku raina sana'arku.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yaran da suka dawo daga hannun masu makami.

Wata malamar jami'a a Amurka, Theresa Betancourt, ta fara bin sawun matasa sama da 500 a Saliyo tun 2002, ta yi ta komawa tana duba halin da suke ciki har tsawon shekara 15, har suka yi aure suka haifi nasu. Abin da binciken ya nuna shi ne zuciyar shirinmu. Abin da yaro ya gani a daji yana barin tabo, musamman ga wanda aka sa ya yi kisa da wadda aka yi wa fyaɗe. Amma yadda aka karɓe shi bayan ya dawo yana da nauyi ƙwarai wajen yanke makomarsa. Waɗanda aka riƙa nunawa da baki, ana goranta musu, ana janye 'ya'ya daga kusa da su, su ne damuwa da faɗa suka fi kamawa, abin kuma yana ƙaruwa da shekaru. Waɗanda dangi suka rungume, unguwa ta sake da su, suka zauna a makaranta, akasarinsu sun zama mutane kamar kowa. A arewacin Yuganda ma, inda 'yan tawayen Joseph Kony suka sace dubban yara, binciken Christopher Blattman da Jeannie Annan ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka dawo ba mahaukata ba ne, ba kuma 'yan ta'adda ba. Babbar asararsu ita ce karatun da ya wuce su da abin hannun da ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an gwada da tsararsu. Har ma an ga sun fi sauran fitowa jefa ƙuri'a.

Ma'ana, rabin maganin ba a asibiti yake ba, ba kuma a ofishin wata ƙungiya ba. Yana bakin maƙwabciya, yana hannun mai shago, yana wurin limamin da zai matsa masa ya shiga sahu.

Yanzu mu matso kusa, inda ake jin harshenmu. A Barno, da sojoji suka fara kuɓutar da mata da yara daga hannun Boko Haram, wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda aka tarbe su. Ana kiran matan annoba. Ana cewa jariran da suka zo da su jinin ubanninsu ne a jikinsu, za su girma su juya wa gari. Wasu mazan sun saki matansu, wasu iyayen sun ƙi 'ya'yansu. Yarinyar da aka sace tana shekara 13, ba ta zaɓi komai ba, ta tsira daga daji ta zo ta tarar da wani dajin a sansanin 'yan gudun hijira. Ban da wannan, alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an tsare yara, maza da mata, sama da 3,600 tsakanin 2013 da 2019 bisa zargin alaƙa da ƙungiyar, da yawa a barikin Giwa da ke Maiduguri, ba tare da an kai su gaban alƙali ba.

An samu gyara daga baya. Cibiyar Bulumkutu a Maiduguri tana karɓar mata da yara kafin a mayar da su ga dangi. 'Yan kato-da-gora, 'yan sa-kai masu taimaka wa sojoji, waɗanda su ma sun yi amfani da yara a shingayen bincike, sun sa hannu a kan alkawari a 2017, suka saki yara 833 a 2018, suka ƙara da 894 a 2019. Nijar ta buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya cikin jihar Diffa. Mali a 2013, Nijar a 2017, Burkina Faso da Najeriya a 2022, duk sun rattaba hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaron da aka kama a fagen daga za a miƙa shi ga ma'aikatan kula da yara, ba a bar shi a kurkukun soja ba. Takarda dai ta samu. Amma wadda ta fito daga Bulumkutu da keken ɗinki, idan ba mai kawo mata ɗinki, keken ba zai ciyar da ita ba.

A nan dole in tsaya, domin na san akwai mai saurarena da zuciyarsa ke tafasa. Wataƙila kai ne ka baro garinku da ƙafa, ka bar gawar ɗan'uwanka ba ka samu binnewa ba. Wataƙila ke ce aka kashe wa miji, kuma kin ga fuskar wanda ya harbe shi, yaro ne. Yanzu ga wani a rediyo yana cewa a karɓe su. Baba, Inna, ban zo in ce ku manta ba, ban kuma zo in ce dole ku yi dariya da kowa ba. Kukanku gaskiya ne, kuma duk shirin da ya ba wanda ya riƙe bindiga jari ya bar marayan da ya bari hannu wofi, shirin zalunci ne. A Saliyo waɗanda aka yanke wa hannu sun yi wannan kuka, sun kuwa yi gaskiya.

Amma ku duba abin da ke cikin tarihin addininmu. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a yaƙin Uhudu. Bawa ne da aka yi wa alkawarin 'yanci idan ya yi kisan. Da ya zo ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, bai sa a taɓa shi ba, bai kore shi daga al'umma ba. Sai dai ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa, domin ganinsa yana tayar masa da ciwon rashin baffansa. Ku ga yadda abu biyu suka zauna wuri ɗaya: an ba mai laifi wurin zama a cikin jama'a, an kuma bar wa mai ciwo haƙƙin ciwonsa. Wahshi babba ne ma, da hankalinsa. To, ina ga yaron da malamanmu suka karantar da mu cewa ba a fara rubuta masa zunubi sai ya balaga? A yaƙin Uhudun nan dai, Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa yana shekara 14, Annabi ya mayar da shi gida, a ranar da musulmi ke da ƙarancin mayaƙa. Duk wanda ya ɗora wa ɗan shekara 12 bindiga da sunan addini, ya je ya nemo inda ya samo hujjarsa, ba a nan ba.

Shari'ar duniya ma ta bi wannan hanya, ta nufi manyan. Kotun musamman ta Saliyo, a lokacin da take aiki, tana da ikon gurfanar da 'yan shekara 15 zuwa sama, amma mai gabatar da ƙara David Crane ya ce ba yara zai bi ba, waɗanda suka sa su zai bi. A 2007 kotun ta kama wasu kwamandoji uku da laifin ɗaukar yara aikin soja, karo na farko da wata kotun duniya ta yi haka. A 2012 ta samu Charles Taylor, wanda ya zo nan Lome shaidar sulhu, da laifi, aka yanke masa shekara 50, kuma taimaka wa masu sa yara a yaƙi na cikin laifuffukansa.

(Ɗan kiɗa)

Saura ruwanmu na yau. Titin da ya ratsa gefen unguwarmu, wanda manyan motoci ke bi daga tashar jirgin ruwa, shi ne ya miƙe fiye da kilomita 600 har Dapaong da Sinkase, ya faɗa Burkina Faso. A can Burkina, a garin Solhan, cikin watan Yuni na 2021 aka kashe mutum sama da 130 a dare ɗaya, gwamnati ta ce akasarin maharan yara ne 'yan shekara 12 zuwa 14. A watan Nuwamba na shekarar aka kai hari Sanloaga cikin yankin Kpendjal, a ƙasarmu. A watan Mayu na 2022 aka kashe sojojinmu 8 a Kpekpakandi, wata guda bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes. UNICEF ta ce tsakanin 2016 da 2020 an tabbatar da ɗaukar yara sama da 21,000 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, adadin da ya fi na kowane yanki a duniya. Yaron da ya gudo daga irin wannan wuri, ba ya tsayawa kusa da inda za a gane shi. Yana bin mota ya yi nisa, ya nemi inda ake jin harshensa, inda ake kiran salla, inda baƙo ke samun tabarma. A gabar tekun nan, sunan wannan wuri Zongo.

Kuma mu, cikin dukkan mutane, mun gaji sanin yadda ake mayar da baƙo ɗan gari. Kakanninmu da suka zo da shanu da goro daga Sakkwato da Kano da Tawa, ba da takardar kowa suka zo ba. Wurin maigida suka sauka. Shi ke ba da ɗaki, shi ke ba da tuwo, shi ke shiga tsakani a ciniki, shi ke tsayawa lamuni idan an ba da bashi. In yaro ya nuna hali, maigida ya ba shi jari, ya nema masa aure, wata rana shi ma ya zama mai saukar da wasu. Da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka kwaso mu nan arewacin birni, gine-gine ne suka faɗi, wannan tsari bai faɗi ba, da shi aka sake tashi. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, har littafi ya rubuta a kan fataken Zongon Lome da yadda maigida ke riƙe da yaransa. Abin da ƙungiyoyin duniya suka kashe miliyoyi suna nema a Saliyo, wato babba guda mai mutunci da zai ce wannan yaro nawa ne, in ya yi ɓarna a zo wurina, mu da shi muka tashi.

Sai dai riƙon irin wannan yaro yana da nasa ladabi, kuma a nan nake roƙon iyayen gida da iyayenmu mata su buɗe kunne. Kada ka ɓoye shi ga hukuma. Tsaya masa ba ɓoye shi ba ne. Ka tafi da shi, da sanin sarkin unguwa da liman, wurin ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a, a rubuta, a bincika, a nemi danginsa. Yin haka kariya ce gare shi, da kai, da unguwa, domin waɗanda ya gudo daga hannunsu ba sa son a tsere musu. Dokar yara ta Togo ta 2007 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro mai haƙƙin kariya, ko daga ina ya fito.

Kada a laƙaba masa suna. Mu mutane ne masu son laƙabi, yau a ce Soja, gobe a ce Ɗan Daji, ana ganin wasa ne, alhali sunan zai bi shi har ranar da zai je neman aure. Kada a zaunar da shi a majalisar shayi a ce ya ba da labari. In ya so faɗa, zai zaɓi mutum ɗaya da lokacinsa, wanda aka zaɓa kuma ya riƙe amana. Za ku ga yana firgita cikin barci, ƙarar salansar babur ta sa ya kwanta ƙasa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, ko ya yi shiru na kwanaki. Ba rashin kunya ba ne, bulala kuma ba ta gyara shi, domin dukan da ya sha a can ya fi naka. A yi masa addu'a da tofi, a kuma kai shi wurin likitan da ya san ciwon zuciya da tunani, ɗaya ba ya hana ɗaya. In an saba masa da tiramol ko wata ƙwaya, rabuwa da ita jinya ce, sai da haƙuri da taimakon asibiti. A ba shi abin yi da ke da lokacin farawa da na tashi, kara ne, gareji ne, shago ne, tare da karatun allo da na boko gwargwadon hali, ko da na dare ne. A can an saba masa da umarni daga safe har dare, zaman banza shi ne abokin gābarsa. Kuma kada a fifita shi a kan yaran gida har su tsane shi. Abin da aka yi masa, a yi wa maraya da ɗan gudun hijirar da ke kusa da shi.

Yarinyar da ta zo da goyo, ku iyayenmu mata, taku ce. Ku za ku raka ta awo, ku za ku sa ta a adashi, ku za ku hana a yi da ita a gidan biki. A yanka wa jaririn rago a raɗa masa suna, a yi masa takardar haihuwa, domin yaron da ba shi da takarda ba ya zana jarrabawa, wanda bai samu makaranta ba kuwa shi masu bindiga ke fara nema. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle jaririn da bai san komai ba.

Gargaɗi ɗaya kuma, mai nauyi. Kada shirin nan ya sa a fara kallon kowane baƙon yaro da ido biyu. Almajirin da ya zo karatu, ɗan Fulanin da ya rako shanu kara, ɗan Moba ko Bagurmen da ya gudo da iyayensa daga ƙauyen iyaka, mafi yawansu tsere wa bindiga suka yi, ba su taɓa riƙe ta ba. Zargin ƙabila guda da jimla yana daga cikin abubuwan da suka tura samari hannun masu makami a Mali da Burkina Faso. Kada mu shuka shi a nan.

Duk wanda ya ga yaro cikin haɗari, ko wanda aka gudo da shi, ko wanda wasu ke zuga da alkawarin kuɗi da babur don ya bi su arewa, akwai layin kare yara na ƙasa, lamba 1011, kiran kyauta ne. Ina maimaitawa, 1011. Ko kuma a sami sarkin unguwa ko limamin masallacin da ya fi kusa, su sun san ofishin da za a nufa.